Singileti a Cikin Firiza

Ranar Asabar da hantsi Yaya ta diro gidan ƙanenta babu ko sanarwa, jaka a hannun dama, ledar ɗanyen kifi a hagu, mafici kuma a hammata kamar kullum. Ta tarar da shi a falo gaban madubi, sanye da suwaita da hular sanyi, yana shafa wa gemunsa baƙi da tsohon buroshin haƙori. A waje kuwa rana ake ƙwallawa, har kwalta tana laushi.

Mai Firij ake ce masa a unguwa, don sana'arsa ke nan, gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Matarsa ce kaɗai ke ce masa Injiniya, shi kuma ya ce mata Malamata, ko da yake yaran makarantar da take koyarwa sun fi shi haƙƙin sunan. 'Ya'yansu sun girma sun watse, gida ya zama daga shi sai ita. Kada kowa ya yi masa dariyar gemu. Mu da muka kai tsakiyar hanya mun san furfura ba ta da ladabi, ba ta sallama, kuma galibi gado ce, ba shekaru ba.

"Autan Inna, me nake gani haka? Suwaita a wannan zafin?"

"Sannu da zuwa, Yaya. 'Yar mura ce." Ya yi wani tari mai zurfi, har buroshin ya zame ya ja masa baƙin layi a kumatu.

"'Yar mura. Rabon da in ga ƙeyarka har na manta. In na kira waya, sai 'to Yaya, to Yaya', kamar wanda aka zare wa laka. Ina matar gidan?"

"Ta leƙa kasuwa."

Yaya ta ja tsaki ta wuce kicin don ta adana kifinta. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu yana ɗan ƙarami, ita ta biya masa kuɗin koyon sana'a, saboda haka a gidan nan ba ta neman izinin buɗe komai. Ta ɗaga murfin firiza, ta ture ƙullin nama gefe, ta ɗaga kwalaben ruwa. Can ƙasa ta ga wata farar leda an ƙulle ta tsaf. Ta kwance.

Ta dawo falo. Ta saki abin a kan teburin tsakiya, ya yi ƙara kamar an yar da katako. Singileti ne na maza, an ninke su, sun daskare sun yi tauri. Na saman har da ɗigon baƙin mai a kafaɗa.

Injiniya ya ajiye buroshi, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ashe nan suke. Ina ta nema, har na fara zargin mai wanki." Ya sake ƙwanƙwasawa, fuskarsa ta washe. "Kin ga aiki, Yaya? Ni na canza wa firizar nan kwamfureso, injin da ke sa ta sanyi. Duba yadda ta kama, har tsakiya."

"Allah ya shirye ka. An saka ka a ƙanƙara kana yabon ƙanƙarar."

Daidai nan Malama ta shigo da kwandon cefane. Ta buɗe baki za ta gaishe da Yaya, idonta ya sauka kan tebur, gaisuwar ta maƙale.

"Ƙaraso, matar ƙanena. Mene ne wannan?"

"A rediyo na ji... an ce sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta a tufafi."

"To. Naki zannuwan ba su da ƙwayoyin cuta? Sai rigar da ke taɓa fatar ɗan'uwana?"

Malama ta sunkuyar da kai. Yaya ta zauna, ta shiga kaɗa mafici da ƙarfi, ta ce ita ba yarinya ba ce, ta sha jin irin wannan. Mace ta ɗauki rigar da ta sha gumin miji ta binne a ƙanƙara don zuciyarsa ta yi sanyi a kan danginsa. Ga shaida nan a zaune cikin suwaita. Ya daina ziyara, ya daina magana, jikinsa ma ya ɗauki sanyin.

"Zan kira yayyensa maza su zo ranar Juma'a. Ki yi musu bayanin da ya fi na rediyo, ko ki tattara ki koma wurin naku. Kafin nan ina gidan nan, shi kuma a falo zai riƙa kwana. Ba zai sake shiga ɗakin nan ba."

"Haba Yaya..."

"Rufe min baki. Ba kai ke magana ba, ƙanƙara ce."

Malama ta ɗauki kwandonta ta shige kicin, hawaye na ɗiga a kan tumatir.

Ga gaskiyar abin, tunda mu ba dangin miji ba ne da za a bar mu cikin duhu. Watanni ke nan al'adar Malama ta fara wasan ɓuya, ta zo wannan wata ta tsallake wancan. Sai kuma wani baƙo ya biyo baya. Tana cikin barci sai ta ji zafi ya taso daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska kamar an buɗe mata murhu a ƙarƙashin haɓa. Gumi ya karyo, rigar barci ta jiƙe, matashi ya jiƙe. Bayan ɗan lokaci ya wuce ya bar ta tana rawar ɗari. Ta gwada rigunanta masu santsi, suka manne mata kamar leda. Wata rana ta jawo tsohon singiletin mijinta, na auduga zalla, ta ji yana shan gumi yana barin iska ta shiga. Daga nan dabara ta ƙaru. Sai ta yayyafa musu ruwa, ta ninke, ta ɓoye a firiza. In zafin ya taso ta lallaɓa ta ɗauko ɗaya ta ɗora a wuya, in ya saki ta zura shi. Ta buɗe taga, ta kai fanka lamba ta ƙarshe. Injiniya kuwa mai raunin ƙirji ne tun yana yaro. Shi ya sa tari, shi ya sa suwaita, shi ya sa kuma yake amsa waya kamar mai magana daga cikin rijiya, don rabonsa da cikakken barci an daɗe.

Me ya hana ta faɗa? Kalma ɗaya ce take tsoro, tsufa. Mutumin da har yau yake ce mata yarinya in ta yi kwalliya, ta yaya za ta kalle shi ta ce girma ya ƙwanƙwasa ƙofa? Ga shi kuma tun suna zance ta ɗan rage wa shekarunta tsawo, kamar yadda kowace mai hankali take yi, kuma tun da ta kai arba'in da biyu ta ga wurin ya yi mata, ta shimfiɗa tabarma ta zauna.

Ranar Litinin a shago Injiniya ya kasa aiki. An kawo masa wani firij mai zufa a jikin ƙofa, ya zauna ya zuba masa ido kamar zai ba shi amsa. Shi mutum ne da in abu ya lalace ba ya jin haushi, sai ya ji ƙaiƙayin son sanin dalili. Ya yi ta juya abin. Taga a buɗe, fanka a ƙure, ɗaki kamar cikin randa, amma kullum da safe zanin gado yana kan igiya. A sanin da ya yi wa sana'arsa, in waje da sanyi kuma inji yana zufa, matsalar tana ciki. To cikin wa?

Da yamma ya faki idon Yaya, ya tsaya a ƙofar kicin. Malama tana yanka albasa, abin da ya ba ta uzurin jan ido.

"Malamata."

"Na'am."

"Ni ban yarda da zancen Yaya ba. Ban kuma ƙi shi duka ba, don gaskiya tun da na aure ki ban taɓa iya ce miki a'a ba. Sai dai wannan ciwon ya girmi firizar nan da shekaru masu yawa."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

"Ki faɗa min. Ko jikina ne yake wari? Aikinmu aikin mai ne da gas, in shi ne sai in ƙara wanka."

"Ba kai ba ne, wallahi."

"To wane ne?"

"Ka yi haƙuri, Injiniya. Bakina ba zai iya ba."

Murmushin da ya shigo da shi ya zube.

"Shekara ashirin da ɗoriya muna matashi ɗaya. Yau an wayi gari akwai abin da firiza ta sani a kanki, ni ban sani ba."

Ya juya ya koma falo. Wannan maganar ta fi duk ta Yaya yi mata ciwo.

Kwanaki suka ja. Yaya tana zaune a gidan kamar mai gadi, tana ɗanɗana miya kafin ƙanenta ya ci, tana leƙa firiza safe da yamma. Malama ba ta mayar mata da ko kalma ba. Ta kai mata ruwan wanka, ta kai mata shayi. A nan ne ta fara lura da wasu abubuwa. Kofin yana kaɗawa a hannun Yaya. Zoben da a da ya nutse a yatsa yanzu yawo yake yi. Tana cin abinci kamar mai aikin gini, amma wuyan rigarta ya yi mata yawa. Maficin nan kuwa ko ana ruwan sama ba ya hutawa.

Ranar Alhamis gari ya fara haske, Malama ta fito tsakar gida da jiƙaƙƙen zanin gado don ta shanya kafin kowa ya tashi. Sai ta tarar an riga ta. Yaya ce a gaban igiya, tana miƙa hannu tana rataya nata zanin, ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf, gumi na bin wuyanta.

Suka tsaya suna kallon juna, kowacce da kayanta a hannu.

"Ruwa ne ya zube min," in ji Yaya.

"Ni ma, Yaya. Kullum yake zube min."

Yaya ta dubi zanin Malama, ta dubi nata. Ta nemi bokitin da aka kife ta zauna a kai, ta dafe ƙirji.

"Ke ma an jefe ki?"

"Jifa kuma?"

"Shekara guda ke nan. Zafi, gumi, zuciyata tana gudu kamar an biyo ta. Ba na barci. Ni na gama da al'ada tun kafin ki aurar da 'yarki, kuma lafiya lau muka rabu, ko ciwon kai ban yi ba. To wannan mene ne in ba hannun mutum ba? Na sha jiƙe-jiƙe, na yi hayaƙi har labulena ya canza launi. Da na buɗe firizar nan na ga rigar yaron nan, sai na ce to, ga mai yi, ta gama da ni ta koma kansa."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Malama ba ta taɓa ganin Yaya tana jin tsoro ba. Ta ajiye zaninta a kan igiya.

"Jira ni, Yaya."

Ta shiga kicin, ta zura hannu can bayan ƙullin nama inda binciken Yaya bai kai ba, ta dawo da singileti ɗaya yana hayaƙin sanyi.

"Au, kin sake?"

"Na sake. Ɗaga haɓarki."

"Kada ki kuskura ki taɓa ni da..."

Malama ta ɗora mata shi a wuya. Yaya ta zabura, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai bakin ya tsaya a buɗe. Kafaɗunta suka sauka. Ta lumshe ido, ta kai hannu ta danne rigar da kanta, ta matsar da ita bayan wuya.

Can ta ce, a hankali, "Wa ya ba ki wannan maganin?"

"Wahala ce ta ba ni."

"Akwai wani?"

"Shi ke nan ya rage. Sauran kin kulle su a jakarki."

Sai suka ji tari daga tagar falo. Injiniya ne, ya lulluɓa da bargo, ya kifa haɓa a kan ƙarfen taga, da alama ya daɗe a wurin.

"Wannan shi ne singiletina na ƙarshe. Ina ta mamakin inda ya shiga."

Ya zagayo ya fito. Malama ta ga babu sauran wurin ɓuya. Ta faɗa masa komai, zafin, gumin, tagar, al'adar da ke tsallake wata. Ta ƙare tana kallon ƙasa.

"Girma ne ya zo, Injiniya. Kuma ni ba arba'in da biyu nake ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Malamata, ƙanenki da kika goya a bayanki ya cika arba'in da biyar bara. Da bakinsa ya faɗa min ina gyara masa firij. Ni dai na ce ikon Allah, ƙane ya wuce yayarsa."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Ke ma ai kin san buroshin nan na gaban madubi ba haƙori yake wankewa ba. Kin taɓa tona ni?"

Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Ya matso ya buɗe bargonsa zai lulluɓe ta, ta yi baya da sauri.

"Ka rufa min asiri da bargon nan."

"Af, na manta. To ku shirya ku biyun. Ni in inji ya fi ƙarfina ba na yi masa hayaƙi, wurin wanda ya fi ni sani nake kai shi."

Likitar da suka gani mace ce mai fara'a. Ta saurare su ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa wuyan kowacce, ta ƙirga bugun zuciya, ta sa Yaya ta miƙa hannaye ta ga yadda suke karkarwa. Ta ce zafin dare iri ɗaya yake a ido, amma ba daga ƙofa ɗaya yake shigowa ba, don haka sai an auna jini. Injiniya ya matso da kujera.

"Likita, a ina abin yake? Ina nufin, wane ɓangare ne ya daina aiki?"

Ta yi masa bayani. A jikin mutum akwai abin da ke daidaita zafi da sanyi. In mace ta kusa ɗaukewar al'ada, sinadaran jikinta suna raguwa, sai ma'aunin ya riƙa ruɗewa, ya ɗauka ana zafi alhali ba a yi. Ba cuta ba ce, mataki ne, kuma yana lafawa. Akwai kuma wata 'yar halitta a gaban wuya da ake kira tayirod, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. In ta yi aiki fiye da kima sai jiki ya ɗauki zafi, zuciya ta yi gudu, mutum ya rame, ya riƙa saurin fushi.

Injiniya ya buga cinya. "Tamostat. Wallahi tamostat ne, mai daidaita sanyin firij. Ni da nake canza shi kullum, yana gidana ban gane ba."

Da suka fito, Yaya ta ciro waya a bakin ƙofar asibitin ta kira yayyen Injiniya.

"Ku zauna a gidajenku gobe. Wa ya ce ku zo? Ni? To na fasa. Ku ba ku da aikin yi ne sai shiga auren mutane?"

Sakamako ya fito bayan 'yan kwanaki. Na Malama girma ne kawai. Likita ta ce ta rage shayi mai zafi da yaji da daddare, ta riƙa sa auduga, ta ajiye ruwan sanyi kusa, ta riƙa ɗan tattaki da yamma, in abin ya matsa kuma ta dawo akwai magani. Da ta ji labarin singileti ta yi dariya, ta ce a dai riƙa bari ya ɗan saki kafin a ɗora a fata. Na Yaya kuwa tayirod ne, kuma da an ƙara jinkiri da zuciyarta ta wahala. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, aka ba ta ranakun dawowa. Cikin 'yan watanni zobe ya koma mazauninsa, hannu ya daina rawa. Saurin fushin ma ya ragu da rabi. Ɗaya rabin, bincike ya nuna da shi aka haife ta.

Ranar da Yaya za ta koma gida ta buɗe jakarta, ta fito da singiletin da ta ƙwace, a wanke a goge, ta miƙa wa Malama da hannu biyu.

"Matar ƙanena, na ɗora miki abin da ba ki ɗauka ba. Na zo in kore ki, kika kai ni asibiti. Ki yafe ni."

"Babu komai, Yaya. Ni ma da na buɗe baki tun farko da ba a kai nan ba."

"Haka ne. Guda biyu na riƙe, kada ki nema."

To, 'yan mata da samari, da ku iyayensu masu karantawa a ɓoye, ga abin ɗauka. Jiki yana canzawa, ba laifi ba ne, ba kuma hannun kowa ba ne. Abin da ka ɓoye wa abokin zamanka don kunya, wani zai tono shi ya ba shi mummunan suna. In an ga abin da ba a gane ba a gidan ɗan'uwa, a yi tambaya kafin a yanke hukunci, in ciwo ne a kai shi inda ake aunawa. Haƙurin da Malama ta yi da Yaya shi ya tsare mata aurenta, ya kuma tsare wa Yaya ranta.

Injiniya ya koma ɗakinsa a ranar da suka dawo daga asibiti, amma sai da ya yi wa ɗakin aiki. Ya yanko falle na kwano ya ɗaura wa fankar tsaye a gefe, iska ta koma ɓangaren Malama kaɗai. Ya raba mayafi, nata mara kauri na auduga, nasa bargo biyu da safa da hula. Ya sayo singileti sababbi, ya ware musu kwando guda a firiza, sama da nama, inda kowa zai gani. In ka leƙa gadon sai ka rantse ƙasashe biyu ne, ɗaya ana rani ɗaya ana hunturu.

Da suka kwanta ya zaro hannu ɗaya daga ƙarƙashin bargo ya ajiye a tsakiyar gado, a kan iyaka. Ta ɗora nata a kai.

"Hannunka kamar ƙanƙara, Injiniya."

"Ai da gangan na bar shi a waje. Ɗora a wuyanki, yarinya, ki huta da zuwa kicin."